Rigar Ɗan Ƙwallo da Asusun Ikkilisiya: Tarihin Koyarwa a kan Bashi da Ruwa

A watan Yuli na shekarar 2013, mutum biyu a ƙasar Ingila suka ta da magana a kan kamfani ɗaya. Na fari ɗan ƙwallo ne Musulmi daga Senegal, Papiss Cissé, mai buga wa Newcastle United. Na biyu shi ne Justin Welby, Akbishop na Kantabori a lokacin. Kamfanin kuwa sunansa Wonga, sana'arsa ba da ƙaramin bashi ta intanet ga wanda kuɗi ya yanke masa kafin ƙarshen wata. Ruwan da yake ɗorawa kashi 1 cikin 100 ne kowace rana, ban da kuɗin aikawa. Idan aka lissafa shi a shekara bisa ƙa'idar ƙasar, ya kai kashi 5,853 cikin 100.

Wonga ya biya Newcastle kuɗi domin a buga sunansa a gaban rigar 'yan wasa. Cissé ya ce addininsa bai yarda ya yi tallan riba da ƙirjinsa ba, har ƙungiyar ta tafi atisaye Fotugal ba tare da shi ba. Ana cikin haka jaridu suka buga hotonsa a gidan caca, mutane suka yi ta yi masa ba'a. Kafin watan ya ƙare ya sasanta da ƙungiyar, ya sa rigar.

Welby kuma ya faɗa wa shugaban Wonga cewa ikkilisiya za ta ƙarfafa ƙungiyoyin ajiya da rance har kamfanin ya rasa kasuwa. Ba a kwana biyu ba aka gano cewa asusun jari na Ikkilisiyar Ingila yana da hannun jari na kimanin fam 75,000 a Wonga ta hannun wani kamfanin jari. Akbishop ya fito fili ya ce abin ya ba shi kunya.

Dukansu biyu an same su da tabo, amma tabonsu bai wanke Wonga ba. Tambayar da suka yi ta girme su da shekaru dubbai, kuma tarihinta yana koya mana abu guda: muryar ikkilisiya a kan mai ba da bashi da ruwa tana da nauyi ne in ta fara duba asusunta, ta kuma buɗe wa matalauci wata ƙofa.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Shari'ar Musa ta hana karɓar ruwa daga matalauci (Fitowa 22:25, Firistoci 25:35-37). Maimaitawar Shari'a 23:19-20 ta hana shi tsakanin 'yan'uwa, ta yarda da shi ga baƙo, wanda masana da yawa suke ganin ɗan kasuwa ne mai wucewa. Wato tun farko Shari'a tana duban wane ne mai cin bashin, da abin da ya sa ya ci. Zabura 15 da Ezekiyel 18 sun sa ƙin cin ruwa a cikin alamomin mai adalci.

Nehemiya sura 5 ta nuna mana abin da bashi yake yi wa iyali. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, yunwa da harajin sarkin Farisa suka sa mutanen Yahuza jinginar da gonakinsu, wasu har suka ba da 'ya'yansu mata bauta. Nehemiya ya tsawata wa manya a gaban taro, ya sa su rantse za su mayar da gonakin. A aya ta 10 ya bayyana cewa shi ma da 'yan'uwansa suna ba da rance, ya sa kansa cikin waɗanda za su bari. Ya kuma ƙi karɓar abincin da ake ba gwamna. Shi ya sa aka saurare shi.

Daga Nikiya zuwa Lateran

Majalisar Nikiya ta shekarar 325, wadda muka fi sani saboda Shaidar Bangaskiya, ta yi doka ta 17 a kan ma'aikatan ikkilisiya masu ba da bashi da ruwa: a tuɓe su daga hidima. Ruwan da dokar ta ambata kashi 1 cikin 100 ne a wata, abin da Wonga yake karɓa a rana ɗaya. Ta kuma ambaci mai ba da rance ya karɓi abinsa da ƙarin rabi, kamar a ranta mudu biyu a karɓi uku. Mu lura, majalisar ba da arna ta fara ba. Da limamanta ta fara.

A hankali hanin ya game dukan masu bi. Majalisar Lateran ta Uku, a 1179, ta ce sanannen mai cin ruwa kada a ba shi Jibin Ubangiji, kada a yi masa jana'izar Kirista, kada kuma a karɓi baikonsa. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ba da hujja: kuɗi kamar ruwan inabi yake, amfani da shi shi ne ƙarar da shi, saboda haka mai karɓar kuɗinsa da ladan amfani ya sayar da abu ɗaya sau biyu.

Dokar ta yi tsanani, amma manomi bai daina bukatar iri ba, sarki ma bai daina bukatar kuɗin yaƙi ba. 'Yan kasuwa Kirista suka ɓoye ruwan a cikin canjin kuɗi. Yahudawa, da aka hana su sana'o'i da yawa, aka bar musu ba da rance, daga baya aka tsane su saboda shi. A birnin Yok a 1190 aka hallaka Yahudawa, waɗanda ake bi bashi suka ƙone takardun bashin a cikin babbar majami'ar garin. Hani kaɗai bai ceci matalauci ba.

Wata ƙofa

A 1462 'yan zuhudu mabiya Faransis na Asisi suka sa aka kafa asusun tausayi a birnin Feruja na Italiya. Talaka yakan kawo jingina, a ranta masa, ya biya ɗan abin da zai riƙe ma'aikatan asusun. Wasu malaman tauhidi suka ce wannan ma riba ce. Majalisar Lateran ta Biyar ta yarda da shi a 1515, muddin ƙarin don kuɗin aiki ne. Ba mu manta ba cewa wa'azin da ya kafa waɗannan asusai sau da yawa yana haɗe da ƙiyayya ga Yahudawa.

Yohanna Kalbin, a wata wasiƙa ta 1545, ya ce Littafi Mai Tsarki bai hana kowane irin ruwa ba. Wanda ya ci bashi ya yi kasuwanci ya samu, daidai ne mai kuɗin ya sami rabo. Amma ya kafa sharuɗɗa: kada a karɓa daga matalauci, kada a wuce iyakar da hukuma ta sa, mai cin bashin ya amfana aƙalla kamar mai ba shi, a kuma auna kome da umarnin Yesu na yi wa wani abin da kake so a yi maka. Jeniba ta kayyade ruwa a kashi 5 cikin 100 a shekara. Zamanan baya suka riƙe izinin Kalbin, suka yar da sharuɗɗansa. A 1854 Birtaniya ta soke dokokinta na kayyade ruwa.

Ƙarshen Wonga

A 2014 aka tilasta wa Wonga biyan diyyar fam miliyan 2.6 ga mutum 45,000 da ya tsorata da wasiƙun lauyoyin ƙarya. A shekarar ya yafe bashin fam miliyan 220 na mutum 330,000 da bai kamata a ranta musu ba tun farko. Ikkilisiyar Ingila ma ta raba kanta da jarin nan a wannan shekara. Daga Janairu 2015 hukuma ta ce kada a biya fiye da ninki biyu na abin da aka ranta. A Agusta 2018 kamfanin ya durƙushe. Doka da masu neman diyya ne suka kā da shi, ba gasar ikkilisiya ba, amma muryar ikkilisiya tana cikin abin da ya juya ra'ayin jama'a.

Ga masu hidima

A ikkilisiyoyinmu akwai manomin da yake ranto buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka. Akwai matashin da ya ci bashi ta waya, ya makara, aka aika wa surukansa da fastonsa saƙon cin mutunci. Wani lokaci mai ba da bashin yana zaune a kujerar dattawa, baikonsa ne ya rufe majami'a. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane ciki ne yake iya ɗaukarsa ba.

Kafin mu hau bagade mu yi wa'azi a kan wannan, za a duba mu kamar yadda aka duba Cissé da Welby. Gara mu riga kowa dubawa. Bayan wa'azi kuma, ranar Litinin mai bukata zai nemi inda zai je. Adashin zumuntar mata, rumbun hatsi na ikkilisiya da ƙungiyar ajiya da rance mai amintaccen ma'aji su ne amsar da za mu iya ba shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ina ake ajiye kuɗin ikkilisiyarku, kuma wa ake ranta wa, a kan wane sharaɗi?
2. Wanne daga cikin sharuɗɗan Kalbin ne aka fi karyawa a garinku?
3. Idan dattijon ikkilisiya ya karɓe gonar ɗan'uwa saboda bashi, me Nehemiya 5 take bukata daga gare ku?