Zogale, zoɓo da gangamau: abin da gwaji kan ɓeraye ya nuna game da kare zuciya

A unguwar Nyohini da ke Tamale, a arewacin Gana, zogale da zoɓo da tafarnuwa da gangamau kayan cefane ne na yau da kullum. Waɗannan tsirrai ne kuma masu bincike a ƙasashe da dama ke gwadawa kan dabbobi, don ganin ko za su kare zuciya daga illar wasu magungunan asibiti.

Inda matsalar take

Maganin da aka fi yin bincike a kansa shi ne doxorubicin, wanda ake yi wa masu kansar nono da kansar jini ƙarin ruwa da shi. Amurka ta amince da shi a 1974. Yana kashe ƙwayoyin kansa, amma yana raunana tsokar zuciya, kuma illar tana ƙaruwa gwargwadon jimillar abin da mutum ya karɓa. Wani nazari da aka wallafa a 2003 ya nuna ciwon gazawar zuciya ya kama kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kai miligiram 400 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, da kashi 26 cikin 100 a miligiram 550. Shi ya sa likitoci ke ƙayyade adadin, suna kuma duba zuciya kafin magani da bayansa.

Yadda ake gwajin

Ana raba ɓeraye rukuni-rukuni. Wasu a ba su maganin kaɗai, wasu a fara ba su ruwan ganyen zogale, ko sinadarin kurkumin na gangamau, ko sinadarin da ke ba zoɓo jan launi. Daga nan sai a auna furotin ɗin troponin, wanda ke malalowa cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, a kuma duba naman zuciyar da madubin likita. A gwaje-gwaje da yawa, ɓerayen da suka sami sinadaran tsirrai ba su ji rauni kamar sauran ba. Bayanin masana shi ne, doxorubicin na haifar da gurɓatattun ƙwayoyin iskar oksijin masu cin tsokar zuciya, su kuma sinadaran suna rage kaifinsu.

Iyakar sakamakon

Ɓera ba mutum ba ne. Adadin da ake ba dabba ya kan zarce abin da ke cikin kwaɗon zogale ko kofin zoɓo nesa ba kusa ba, kuma hanjin ɗan Adam ba ya tsotse kurkumin sosai. Maganin da hukumomi suka amince da shi don wannan kariya shi ne dexrazoxane, wanda Amurka ta yi wa rajista a 1995. Akwai kuma haɗari: zoɓo na saukar da hawan jini, tafarnuwa mai yawa na iya tsinka jini.

Halin da ake ciki a Gana

Cibiyar binciken magungunan tsirrai da ke Mampong-Akuapem, wadda aka kafa a 1975, tana gwada ingancin magungunan gargajiya, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar kuma ita ke yi musu rajista. Dokar aikin maganin gargajiya ta 2000 ta tanadi rajistar masu sana'ar.

Ga mazaunin Nyohini da ke karɓar maganin kansa a Asibitin Koyarwa na Tamale ko a Kumasi, cin zogale a abinci daban yake da shan tataccen magani na kwalba. Shawarar likitoci ita ce majinyaci ya faɗa musu duk wani sassaƙe ko jiƙo da yake sha, kada kuma ya bar ƙarin ruwansa saboda su. Haki, kumburin ƙafa da bugun zuciya alamu ne da ke buƙatar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba.