Koren Tangaran na Sin da Jeren Matan Shanga

A fadar Topkapi da ke Santambul akwai koren tangaran na ƙasar Sin sama da 1,300 da sarakunan Usmaniyya suka tara. Galibinsu aikin Longquan ne, a lardin Zhejiang, inda aka daɗe ana gasa su tun daular Song har zuwa Ming. Launin nan mai kama da ɗanyen ganye ba fenti ba ne. Ɗan sinadarin ƙarfe ne a ruwan da ake shafa wa yumɓu; idan aka rage wa wuta iska, zafi ya haura digiri 1,200, sai ya rine kore.

Girman farantan shi ne abin dubawa. Faɗin wasu ya kai santimita 50. A Sin kowa da ɗan kwanon shinkafarsa, to wa zai sayi irin wannan? Gidan da ake haɗa hannu a akushi ɗaya. Ke nan maginan ƙarni na 14 sun san cimar Farisawa da Larabawa da mutanen Indiya, kuma don su suke gini. Ga kuma camfin da ya yaɗu cewa farantin kan tsage ko ya sauya launi in an zuba guba, abin da ya ƙara masa daraja a fada.

Da yawansu ba su ƙare a wurin cin abinci ba. A 1611 Shah Abbas ya yi waƙafin tangaran 1,162 ga hubbaren kakansa a Ardabil, aka yi musu gurabu a jikin bango. A gaɓar Afirka ta Gabas, irin su Kilwa da Gedi, an riƙa kafe kwanukan Sin a bangon masallatai da kaburbura.

Mutumin Shanga ko Ngaski, a ƙasar Yawuri, ba sai an yi masa dogon bayani ba, don ya san jere. Uwa kan fara tarin kayan ɗaki tun 'yarta na ƙarama: yau fanteka, gobe langa, in kasuwa ta yi kyau a ƙara da tangaran. Ranar jere dangi mata su shirya su daki-daki, baƙi su shigo su ƙiyasta arzikin gidan da amarya ta fito. Kayan mallakin matar ne ita kaɗai, in ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar. Ko maginan soro sukan liƙa faranti a tsakiyar rufi, inda bakan gizo suka haɗu. Har hannun Sinawa akwai a ciki, domin 'yan kasuwar Hong Kong sun kafa masana'antun kwano a Nijeriya a shekarun 1960, lokacin da kwanon ke ture ƙwarya da akushi.

Bambancin da ke tsakani rubutu ne. Shah Abbas ya sa an sassaƙa tambarin waƙafinsa a jikin kayan, shi ya sa masana ke iya cewa wannan faranti ya girmi 1611. Jere kuwa tarihinsa a bakin mai shi yake, kuma abin takaici ne a ce ilimin jami'a na kallonsa kamar tarkace. Misali, kafin tafkin Kainji ya cika a 1968, ya tashi mutum kusan 44,000, ciki har da Gungawan tsibirai, masu binciken tarihi sun yi haƙa kusa da Yelwa, sun fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu. Hankalinsu na ƙarƙashin ƙasa, mata na loda jerensu a kwalekwale.

Yau roba da kula sun cika kasuwar Yawuri, tsofaffin kwanuka na tafiya hannun 'yan gwangwan a kan kilo. Amaren shekarar tashi sun haura saba'in. Su ne za su iya nuna fanteka su faɗi wadda ta saya, da kasuwar da aka sayo ta, da tsibirin da aka fara jera ta.