Tarihin Likita Mai Zuwa da Jirgin Sama

Yau za mu ba ku labarin yadda aka fara kai likita wurin majiyyaci cikin jirgin sama.

Asalin abin daga ƙasar Ostareliya ne, inda mutum kan yi tafiyar kwana da kwanaki bai tarad da asibiti ba. Wani limamin Kirista, John Flynn, shi ya kafa aikin. Ran 17 ga watan Mayu 1928 Dokta Welch ya tashi daga garin Cloncurry, ya yi tafiyar mil 85 a sama, ya je ya duba marasa lafiya. To, amma likita ba ya sanin inda a ke ciwo sai an faɗa masa. Saboda haka a 1929 wani gwani, Alfred Traeger, ya ƙera wayar iska wadda a ke tuƙawa da ƙafa kamar keke, ta sami wuta a yi magana.

A 1957 wani likitan fiɗa, Michael Wood, da abokansa biyu suka kafa irin wannan aiki a Kenya. Shi da kansa ya koyi tuƙin jirgi.

Mu ma nan Arewa ba a bar mu a baya ba. Cikin shekarun 1960 Dokta Neil Duncan, mutumin Ingila, ya kafa nasa a Gusau, lokacin tana cikin Lardin Sakkwato. Aka sa wayar iska a ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Malamin asibiti ya kan kira likita ya gaya masa alamun ciwo, likita ya faɗi magani. In abin ya fi ƙarfin malamin, sa'an nan jirgi ya tashi.

Ku lura, a duk ƙasashen nan uku labari ne ke riga jirgi isa. Yau kuwa waya tana aljihun kusan kowa, saura gaggawa. In mace ta wuni ta kwana tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata, in maciji ya sari mutum, in yaro mai zazzaɓi ya fara jijjiga, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A sanar da malamin asibiti nan take, a nemi mota, a nufi Babban Asibitin Katsina ko wanda ya fi kusa. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Allah ya ba mu lafiya, amin.