Daga Kuzar Jos zuwa Simintin Kalambaina: Darasi daga Tarihin Ma'adanan Arewa

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Sai dai tarihin ma'adanai a Arewacin Nijeriya ya nuna cewa tonon kaɗai ba ya kashe ƙishirwa, domin sau da dama wani ke tonawa, wani dabam ya sha. Wannan maƙala za ta kwatanta tarihin kuzar Jos da na simintin Sakkwato, domin gano abin da ke sa arzikin ƙasa ya amfani mutanen da ke zaune a kansa.

Kafin zuwan Turawa

Haƙar ma'adanai tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Tarihin Kano ya danganta farkon zaman gari da maƙeran da suka zo neman tama a kewayen dutsen Dala. Fatake sun daɗe suna safarar kanwa daga Manga da gaɓar Tafkin Chadi, ayarin raƙuma kuma na kawo gishiri daga Bilma. A Riruwai, da ke kudancin ƙasar Kano, akwai masu narka kuza su mayar da ita siraran sanduna da ake kai wa kasuwanni. Duk ƙanƙantar waɗannan sana'o'i, a gida ake haƙowa, a gida ake sarrafawa, ribar kuma a hannun 'yan ƙasa take tsayawa.

Zamanin kuza

Waɗannan sandunan ne suka ja hankalin Turawan kamfanin Neja, har suka bi sawu zuwa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Dokokin mulkin mallaka suka mayar da duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, kamfanonin Ingila suka samu izinin haƙa, sana'ar mutanen Riruwai kuwa ta durƙushe. A 1914 layin dogo daga Zariya ya isa yankin Jos domin kwasar kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya a 1942, gwamnati ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu.

Shekara kusan hamsin ana loda kuza ɗanya a jirgi zuwa Ingila, can ake narka ta, can masana'antu ke cin moriyarta. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkawa a Jos. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka watse, suka bar wa manoman Filato kududdufai da gonakin da aka farfashe.

Zamanin siminti

A Sakkwato wata hanya aka bi. Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, daf da inda farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti yake shimfiɗe. Wannan dutse ba shi da tsadar da za a ɗauke shi zuwa ƙetare, saboda haka dole masana'anta ta zo inda yake. Haka aka yi a Ashaka, cikin jihar Gombe ta yanzu, inda aka fara aiki a 1979.

Tafiyar ta sha tuntuɓe. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da simintin waje suka cunkushe tashar Legas wata da watanni, masana'antun gida kuma suka yi fama da rashin wuta da tsufan injuna. Amma daga 2002, lokacin da gwamnati ta ɗaura izinin shigo da siminti ga waɗanda suka zuba jari a masana'antar gida, al'amura suka sauya. Aka gina babbar masana'antar Obajana a jihar Kogi, aka faɗaɗa ta Kalambaina, har Nijeriya ta kai ga sayar wa maƙwabta siminti. Fiye da shekara hamsin bayan kafuwarta, Kalambaina na ci gaba da ɗaukar ma'aikata.

Inda aka tsaya

Sauran ma'adanan har yanzu tafarkin kuza suke bi. Duwatsu masu daraja da ake haƙowa a Mambila da kudancin Kaduna da Nasarawa, yawancinsu ɗanye suke fita, a yanka su a goge a ƙasashen Asiya, farashinsu ya ninka a can. Ga farar ƙasa a Ƙanƙara, ga duwatsun gini barjat a faɗin Arewa, amma kasuwanninmu cike suke da tangaran da tayil na waje. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, shekara uku kacal bayan kafa dokar ma'adanai ta 2007.

Kammalawa

Abin da ya raba Jos da Kalambaina shi ne wurin da aka hura wutar sarrafawa. Idan ana son duwatsun Mambila da farar ƙasar Ƙanƙara su amfani masu su, wajibi ne a haɗa izinin haƙa da sharaɗin sarrafawa a gida, a koya wa matasa yankan duwatsu da goge su, a tara ƙananan mahaƙa cikin ƙungiyoyi masu rajista da kayan kariya, a kuma tilasta wa kowane kamfani cike ramin da ya tona kafin ya tashi.