Asalin Kalma: Sanyin Ƙashi

Sanyin ƙashi haɗin kalmomi biyu ne, sanyi da ƙashi. Bahaushe ya lura gaɓoɓi sun fi ciwo da damina da hunturu, sai ya ce sanyi ne ya ratsa ƙashi. Dabam yake da ciwon sanyi, wanda ake nufi da cutar al'aura.

A asibiti kuwa, sunan nan ya lulluɓe cututtuka da dama. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi kama dattawa a gwiwa da kwatangwalo. Aiki na tsananta shi, hutu na sassauta shi.

Akwai kuma mai tafiya da soriyasis, cutar fata mai ɓamɓaroki, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaiƙayi. A nan garkuwar jiki ce ke far wa gaɓoɓi, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Yatsa guda kan kumbura tun daga tushe, farce ya yi ramuka, gaɓa ta sandare da safe fiye da minti 30, sai an motsa ta saki.

Maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai ciwon gaɓa da ƙuraje masu ɓamɓaroki ya nuna wa likita duka biyun tun da wuri, kafin gaɓar ta lalace.