Gidajen L'Aquila da ke zamewa in ƙasa ta girgiza

Yau Italiya zan kai ku.

Ranar 6 ga Afrilun 2009, wajen ƙarfe uku da rabi na dare, girgizar ƙasa ta afka wa birnin L'Aquila. Sama da mutum 300 suka rasu, fiye da 60,000 suka rasa matsuguni. Cikin ƙasa da shekara guda, gwamnatin Berlusconi ta gina benaye 185 a wurare 19.

Dabarar ginin ta burge ni. Kowane bene yana zaune kan faffaɗan daɓen kankare, daɓen kuma yana kan ginshiƙai masu faifan ƙarfe. In ƙasa ta motsa, sai faifan ya zame, ginin ya yi lilo a hankali maimakon ya tsage.

To amma fa, bayan gari aka kai mutane, nesa da kasuwa da maƙwabtan da suka saba da su. Tsakiyar birnin kuwa ta yi shekaru a killace. A 2014 barandar ɗaya daga cikin sababbin gidajen ta rufto, babu wata girgiza.

Ni dai tambayata ita ce: wa ya nemi jin ta bakin mazaunan kafin a kwashe su? Ku faɗa min ra'ayinku. Sai mako mai zuwa.