Sabuwar nas, wa zai riƙe mata hannu?

Jama'a, kwanakin nan ina ganin hotunan rabon takardun kama aiki ga sababbin ma'aikatan jinya, ana cike gurbin waɗanda suka tsallake ƙasar waje. Madalla. Amma ni tambayata ita ce, wa zai karɓi yaran nan ranar da suka shiga ɗakin majinyata?

Tun asali aikin jinya a hannun na gaba ake koyonsa. A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan, da kuɗin da jama'a suka tara mata bayan yaƙin Kirimiya. Mata 15 aka fara da su, horon shekara guda. Yawancin karatun a bakin gadon majinyaci ake yinsa, ƙarƙashin sistar da ke riƙe da ɗakin. Duk wata kuma sai an cike rahoto a kan kowace ɗaliba: zuwa kan lokaci, tsafta, riƙon amana, ɗaurin ciwo, gyaran gado, lura da halin mara lafiya. Har rashin surutu ana dubawa! Wasu za su ce takura ce, kuma da gaskiyarsu, amma dai akwai idon da ke kanta kullum.

A 1893 Rebecca Strong, shugabar ma'aikatan jinya a babban asibitin Glasgow, ta kawo tsarin a fara zama aji kafin a taɓa majinyaci. Shi ne tushen PTS ɗin da ɗalibanmu ke tsoro, watannin farkon nan da ake tankaɗe da rairaya.

Mu nan Nijeriya, an kafa hukumar kula da aikin jinya a 1947, aka haɗe ta da ta ungozoma a 1979. Kofoworola Pratt ma a makarantar Nightingale ta yi horo, ta dawo gida a 1954, bayan shekara goma ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a asibitin koyarwa na Ibadan. Wannan tarbiyyar ce aka gada.

Da Amurka ta mayar da karatun jinya jami'o'i da kwalejoji, sai aka ga masu digiri suna ruɗewa in sun kama aiki, wasu su ajiye. Marlene Kramer ta rubuta littafi sukutum a kan haka a 1974. Yau a Ingila da Amurka asibitoci da yawa kan haɗa sabuwar nas da gogaggiya na tsawon watanni kafin a sakar mata ɗaki.

To mu fa? A Fabrairun 2024 hukumarmu ta ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje, aka yi ta zanga-zanga. Ni abin da ya fi damuna shi ne masu tafiyar su ne gogaggun da ya kamata su koyar. Na san yadda muke yi a aikin gwamnati: bitar kwana biyu, a raba jaka da biro, a ɗau hoto, shi ke nan. Ba a koyon karɓar haihuwa ko auna maganin jariri a ɗakin taro fa.

Duk kwamishinan lafiyar da ya ɗauki ma'aikata, ina roƙo ya sa a rubuta sunan babbar da za ta riƙe kowace sabuwa, da watannin da za su yi tare kafin a bar ta ita kaɗai a aikin dare, a kuma ba babbar alawus ɗinta.